Me Ya Sa Ƙwallonka Ke Tashi Hagu? Jagorar Daidaita Fuskar Sanda a Wasan Golf

Idan ƙwallo ta tashi hagu a filin golf na Kano da ke Club Road, ba a rasa mai ba da fatawa. Kadin da ke riƙe da jaka zai ce, "Ranka ya daɗe, kai ka ɗaga." Abokin wasa ya ce, "Alhaji, sauri ka yi." Wani kuma ya ɗora wa iska laifi. Duk da kyakkyawar niyya suke faɗa, amma babu ɗaya cikin ukun da ya bayyana abin da ya sa ƙwallo ta bar sanda ta nufi hagu tun daga yadin farko. Iska tana karkatar da ƙwallo ne bayan ta yi sama, ba ruwanta da inda ta fara nufa. Abin da ke yanke wannan hukunci shi ne wurin da fuskar sanda, wato gefen kanta da ke dukan ƙwallo, take kallo a daidai lokacin da ta haɗu da ƙwallo. Wanda ya riƙe wannan ya huta da lalube, domin zai san daga inda zai fara bincike.

Duk abin da zan faɗa na mai bugu da hannun dama ne. Bahago sai ya juya: inda na ce hagu ya karanta dama.

Abin da ke faruwa a lokacin haɗuwa

Ƙwallo ba ta daɗewa a jikin sanda. Kusan rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa take yi a manne kafin ta rabu. Kafin saƙon taɓawar ya iso hannunka ta riga ta tafi, saboda haka babu wani gyara da za ka yi a lokacin. Abin da ka kawo shi za ta ɗauka.

Abubuwa biyu ne ke aiki a wannan ɗan lokaci: inda fuskar sanda ke kallo, da hanyar da kan sanda yake bi. Shekara da shekaru ana koya wa mutane cewa hanyar sanda ce ke nuna inda ƙwallo za ta fara nufa, fuska kuma lanƙwasa kawai take kawowa. Da yawa daga cikin manyanmu da suka koyi wasan tun da daɗewa a kan wannan karatu suka tashi. Wani malamin kimiyya a Jami'ar Nebraska ta Amurka, Theodore Jorgensen, ya yi bayanin lissafin a littafinsa na 1994, daga baya kuma na'urorin rada masu bin ƙwallo, irin na kamfanin TrackMan da aka kafa a Denmak a 2003, suka auna abin ƙuru-ƙuru. Sakamakon ya juya tsohon karatu: da direba, doguwar sandar nan mai babban kai ta bugun nesa, kusan kashi 85 cikin 100 na inda ƙwallo ke fara nufa daga fuska yake fitowa, da ayon kuwa, sandunan nan masu siririn kan ƙarfe da ake bambancewa da lamba, kusan kashi 75 ne. Ragowar ce ta hanyar sanda. Lanƙwasar da ƙwallo ke yi a sama kuma daga saɓanin da ke tsakanin fuska da hanya take zuwa.

Kada ka raina digiri ɗaya. A nisan yadi 150, kaucewar digiri ɗaya tana kai ƙwallo fiye da yadi biyu da rabi gefe. Digiri huɗu ya haura yadi goma, wato bambancin hawa girin, lallausan filin da rami da tuta suke, da faɗawa ramin yashi. Ido kuwa da ƙyar yake gane digiri huɗu idan kana tsaye a kan ƙwallo.

Mataki na farko: gane wace irin hagu ce taka

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ne ya fi kowanne muhimmanci. Mutum zai ce "ƙwallona na zuwa hagu", alhali hagu iri uku ce, kowace da maganinta.

Je wurin atisaye da ayon bakwai da ƙwallaye goma. Zaɓi abu guda da za ka saita, tuta ko gindin wata bishiya. Tsaya bayan ƙwallo, ka sa kadi ya kafa siririn kara ko sandar saiti a ƙasa, yadi huɗu gaban ƙwallon, daidai kan layin da ya haɗa ta da tutar. Sai ka buga goman, aikinka kawai ka lura da abu biyu a kowane bugu: ta wane gefen karan ta wuce, sannan ina ta lanƙwasa bayan ta yi sama. Kada ka gyara komai tukuna, ko da bugun ya ba ka haushi. Ka sa kadi ya riƙa faɗa da baki kana rubutawa a bayan katin maki.

Idan ta wuce hagu da karan ta miƙe sak ba lanƙwasa, wannan ce ake kira ful. Ma'anarta fuska da hanya sun yi baki ɗaya, dukansu hagu suke kallo. Irin wannan bugu yakan yi daɗi a hannu, ya yi nisa, shi ya sa yake ruɗin mutane.

Idan ta tashi hagu ta ƙara lanƙwasawa hagu, ta faɗi tana gudu cikin ciyawa, ful-huk ke nan. Fuska ta rufe fiye da hanya. A nan kusan duk laifin na fuska ne, kuma shi ya fi saurin gyaruwa.

Ta uku ita ce ta fi yawa a wurin masu koyo: ta tashi hagu, sannan ta yi baka ta dawo dama, wato silais. Mai wannan matsala yakan rantse cewa fuskarsa a buɗe take. Gaskiya ne kuma ba gaskiya ba ne. A ce fuska tana kallon digiri 2 hagu da tuta, kan sanda kuma yana yanka digiri 6 zuwa hagu. Da direba ƙwallo za ta tashi wajen digiri biyu da rabi hagu, saboda fuska ce ke da rinjaye. Amma tunda fuskar tana dama da hanyar da digiri 4, sai ƙwallon ta ɗauki juyin da zai karkatar da ita dama. Wato a rufe take idan aka auna ta da tuta, a buɗe take idan aka auna ta da hanya. Wannan mutumin idan ya ƙara rufe fuska kaɗai, silais ɗinsa zai koma ful. Ci gaba ne, ba lalacewa ba, amma aikin bai ƙare ba sai ya gyara hanya.

Kafin ka bar wannan mataki, shafa alli ko hoda a fuskar direba ka buga uku. Tabon zai nuna inda ƙwallo ke taɓawa. Fuskar direba tana da ɗan doro, saboda haka idan kana bugawa kusa da dunduniyar sanda, ɓangaren da ke jikin ƙota, ƙwallo za ta tashi hagu ta lanƙwasa dama ko da lilonka, wato yadda kake kaɗa sanda, lafiya lau yake. Idan tabon duk a dunduniya ya taru, matsa baya kaɗan daga ƙwallon ka sake gwadawa kafin ka taɓa wani abu.

Mataki na biyu: saiti

Daga mafi sauƙi ake farawa. Kafin ka zargi lilonka, tabbatar ba hagun ka saita ba tun farko.

Yawancinmu ƙafa muke fara dasawa, sannan mu ajiye sanda. A juye ne. Fuska ake fara saitawa, jiki ya biyo baya. Tsaya bayan ƙwallo ka nemi wata alama a ƙasa, taku ɗaya gabanta, a kan layin tuta: busasshen ganyen darbejiya, tsohon ti (ɗan tsinken da ake ɗora ƙwallo a kai) da ya karye, ko tabon saran sanda. Jack Nicklaus, shahararren ɗan golf da ya ci manyan gasa 18, haka yake yi kafin kowane bugu, domin saita abu mai nisan taku ɗaya ya fi saita mai nisan yadi ɗari biyu sauƙi. Ajiye sanda bayan ƙwallo ta yadda layin ƙasa na fuskar zai fuskanci alamar sak. Layin ƙasa za ka duba, ko tsagar da ta fi kusa da ƙasa, ba saman kai ba. Saman kan ayon a karkace aka ƙera shi, wanda ya saita da shi zai rufe fuska bai sani ba.

Bayan fuska ta zauna sai ka dasa ƙafa. Layin yatsun ƙafarka ba tuta zai kalla ba. Zai tafi ne a jere da layin ƙwallo, ɗan hagu da tutar, su biyun ba sa haɗuwa. A wurin atisaye shimfiɗa sanda biyu a ƙasa, ɗaya kusa da ƙwallo ɗaya gaban yatsunka, ka koma baya ka duba.

Kafaɗu sun fi ƙafa muhimmanci, kuma su ne ba a dubawa. Tunda hannun dama yana ƙasa da na hagu a mariƙi, mutum yakan miƙo kafaɗar dama gaba don ya kai, sai ƙirji ya buɗe ya kalli hagu. Hannuwa kuwa layin kafaɗa suke bi. Ka sa abokinka ya ɗora sanda a ƙirjinka bayan ka gama tsayuwa, ya gaya maka inda take nuni. Maganin shi ne kafaɗar dama ta sauka ƙasa kaɗan maimakon ta fito gaba, gwiwar hannun dama kuma ta yi laushi kusa da ciki.

Akwai tarkon da nake roƙon kowa ya guje masa. Wanda ƙwallonsa ke zuwa hagu yakan ce bari in saita dama don ta dawo tsakiya. Kwana biyu abin zai yi aiki. Amma ido ya san inda tuta take, jiki kuma zai nemi kai ƙwallo can, sai ka riƙa jefo sanda daga waje kana yankowa hagu fiye da da. Kafin wata guda ka ninka matsalar, ka kuma ƙara mata wata.

Mataki na uku: wurin ajiye ƙwallo

Kan sanda ba miƙaƙƙen layi yake bi ba, kewaye yake yi da jikinka. Fuskar tana tafiya ne kamar ƙyauren ɗaki da aka turo: tana zuwa a buɗe, ta daidaita na ɗan ƙanƙanin lokaci, ta wuce tana rufewa. Idan ƙwallo ta yi gaba da yawa zuwa ƙafar hagu, sanda za ta same ta bayan lokacin daidaito ya wuce, fuska ta fara rufewa, hanya ma ta juya hagu. Ga ful nan ba tare da ka yi wani laifi a lilo ba. Ƙari a kan haka, ƙwallon da ta yi gaba ita ke jan kafaɗu su buɗe.

Da weji, gajeriyar sandar bugun kusa, da gajerun ayon, ƙwallo a tsakiyar ƙafafu. Da ayon bakwai, gaba da tsakiya da faɗin ƙwallo ɗaya. Da direba, daidai cikin dunduniyar ƙafar hagu, ba gaban babban yatsa ba. Ka gwada da kanka: buga uku a inda ka saba, ka mayar da ita baya da faɗin ƙwallo ɗaya ka buga uku, ka duba ko ta fara wucewa kusa da karan nan. Mutane da yawa a nan matsalarsu ke ƙarewa.

Mataki na huɗu: riƙo

Hannu ne kaɗai ke taɓa sanda, don haka duk abin da fuska ta yi, da sanin hannu ta yi shi. Riƙe sanda yadda ka saba ka kalli hannun hagunka ba tare da ka karkata kai ba. Gaɓoɓin bayan hannu nawa kake gani? Biyu zuwa biyu da rabi shi ne matsakaici. Idan kana ganin huɗu, hannun ya juya dama da yawa, kuma a lokacin saukowa zai koma yadda Allah ya halicce shi, ya tafi da fuska ta rufe. Sannan duba tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuni a hannu biyun. Ya kamata su nuna tsakanin haɓarka da kafaɗar dama. Idan ta hannun dama ta wuce kafaɗa, tafin yana kallon sama kamar mai karɓar abu, to hannun ya shige ƙarƙashin mariƙi, kuma shi ne uban ful-huk.

Ga gwajin da nake so. Riƙe sanda, ka ɗaga ta gabanka daidai ƙugu, hannuwa a miƙe, ka saki jiki. Ka ce wa kadi ya kama kan sandar ya ja ta wajensa a hankali. Idan gwiwoyin hannunka suka miƙe, duba layin ƙasa na fuskar. In yana tsaye sak sama da ƙasa, riƙonka lafiya. In ya kife zuwa hagu, abin da ke faruwa ke nan duk lokacin da ka yi lilo da ƙarfi, domin nauyin kan sanda haka yake jan hannuwanka.

Gyaran kaɗan-kaɗan ake yi. Juya hannu biyun tare zuwa hagu da kamar rabin gaɓa, ba hannu ɗaya ba. Kuma ka fara daidaita fuska a ƙasa kafin ka kama, kada ka kama sannan ka murɗa hannu don fuska ta yi kyau a ido. Wannan yaudarar kai ce, da ka ɗaga sanda za ta koma inda take. Sabon riƙo zai yi maka baƙo na makonni. Ben Hogan, mai manyan gasa tara, ya sha fama da huk, wato lanƙwasawar ƙwallo zuwa hagu, a farkon sana'arsa, kuma juya hannun hagunsa zuwa hagu a kan mariƙi na cikin abubuwan da suka fitar da shi. Ka ajiye sanda ɗaya a falo, kana jin labarai kana kamawa kana saki, har hannu ya saba.

Mai silais kuwa kada ya bi wannan shawara ido rufe. Nasa riƙon sau da yawa ya yi rauni ne, gaɓa ɗaya kawai yake gani, kuma tsoron dama ne ke sa shi yankowa hagu. Shi ƙara juya hannu dama zai yi har ya ga gaɓa biyu da rabi.

Ka kuma duba robar mariƙin kanta. Zafin Kano da gumi da ƙura suna mayar da ita sumul, idan ta yi santsi kuma dole ka matse da hannun dama, matsewar nan kuwa tana rufe fuska. Wanke ta da ruwa da sabulu da tsohon buroshi, ka shanya a inuwa. In ta ƙeƙashe ta fara tsagewa, canza ta.

Mataki na biyar: ko sandar ce ba taka ba

A nan zan ɗan daɗe, domin abu ne da ya shafe mu sosai. Da yawanmu da sandunan gwanjo muka fara, ko waɗanda wani yaya ko maigida ya bar mana. An ƙera su ne ko an gyara su don tsawon wani, ba naka ba.

Ɗauki weji ka manna ti a tsakiyar fuskarta da ɗan cingam, kan ti ɗin a jikin ƙarfe, tsininsa yana nuni waje. Ajiye sandar a kan siminti, tafinta ya zauna daidai. Tsinin zai nuna gaba da sama. Yanzu sauke mariƙin ƙasa a hankali har hancin sandar, wato ƙarshen kanta da ke nesa da ƙota, ya ɗaga, dunduniya kaɗai ke taɓa ƙasa. Kalli tsinin: ya juya hagu, alhali layin ƙasa na fuskar bai motsa daga saitinsa ba. Abin da ke faruwa ke nan idan sanda ta yi maka tsayi ko ta miƙe da yawa. Kuma gwargwadon kwanciyar fuska, gwargwadon ɓarnar. Direba mai digiri 10 da ɗoriya ba ta cika nunawa ba, amma weji mai digiri 50 ko fiye za ta kai ka hagu sosai. Saboda haka idan dogayen sandunanka suna tafiya daidai, gajerun ne kawai ke zuwa hagu, fara zargin wannan kafin ka zargi hannunka.

Yadda za ka tabbatar: ja layi mai kauri da alƙalamin maka a jikin ƙwallo, ka ajiye ta layin yana tsaye sak yana fuskantar sanda, ka buga daga wuri mai laushi ko kan gajeren ti. Tawadar za ta fito a fuska. In layin ya fito a tsaye, sandar ta dace da kai. In samansa ya karkata wajen hanci, hancin a ɗage yake lokacin haɗuwa. Gyaran na masu gyaran sandunan golf ne, da injin da ake lanƙwasa wuyan ayon digiri ɗaya ko biyu. Don Allah kada ka kai wa mai walda ko maƙeri, wuyan zai iya karyewa, kuma ba a auna digiri da ido. Kafin ka samu mai gyara, sauke hannunka ƙasa kaɗan a kan mariƙi, kamar faɗin yatsa biyu, ka ɗan matso kusa da ƙwallo.

Filin ma yana yin irin wannan aiki. Duk lokacin da ƙwallo ta fi ƙafarka tudu, hancin sanda a ɗage yake, za ta tafi hagu; a nan halas ne ka saita dama kaɗan, domin ƙasa ce ta jawo ba kai ba. Da rani, lokacin da ƙasa ta bushe ta yi tauri, idan dunduniyar sanda ta riga taɓa ƙasa sai ta tsaya hanci ya wuce, fuska ta rufe. Da damina kuma, in ƙwallo ta faɗa doguwar ciyawa, ciyawar kan naɗe wuyan sanda ta juya fuska hagu. A irin wannan wuri buɗe fuska kaɗan tun a tsayuwa, ka ƙara riƙe da yatsu uku na ƙarshe na hannun hagu.

Mataki na shida: jiki da hanya

Sai yanzu muka iso lilo, kuma da gangan na bar shi a ƙarshe. In ka gyara saiti da wurin ƙwallo da riƙo, sandar ma ta dace, amma har yanzu tana wucewa hagu da karan, to abu biyu ne suka rage.

Na farko tsayawar jiki. Idan ƙugu ya daina juyawa kafin sanda ta iso ƙwallo, nauyi kuma ya maƙale a ƙafar dama, hannuwa ba su da abin yi sai su wuce jiki, hannun dama ya hau kan na hagu, fuska ta rufe da sauri. Yakan faru ne idan mutum ya gaji a ramukan ƙarshe, ko yana tsoron bugun, ko ya ɗauki sanda mai nisa yana son ya rage ƙarfi. Atisayensa rabin lilo ne da ayon tara. Ɗaga sanda baya har ta kai ƙugu ka tsaya ka duba: layin fuskar ya ɗan sunkuya daidai da sunkuyon bayanka, ba ya kallon ƙasa gaba ɗaya. Sai ka sauko ka buga a hankali, ka ƙare da maɓallin rigarka yana kallon tuta, nauyi a ƙafar hagu, sanda a gabanka daidai ƙugu, hancinta yana kallon sama. In ka tarar fuskar ta kife tana kallon ƙasa, hannu ya riga jiki. Yadi hamsin ya isa. Buga ashirin haka kafin ka ƙara tsawo.

Na biyu jefo sanda daga waje, matsalar mai ful da mai silais. Daga sama, maimakon ƙugu ya fara, kafaɗar dama ce ke yin gaba, sanda ta fita waje da layi ta yanko ciki. Sarar da ka bari a ƙasa za ta nuna hagu sosai. Ajiye robar ruwa marar komai a waje da ƙwallo, faɗin yatsu huɗu daga gare ta, ta ɗan yi baya kaɗan. Wanda ke jefowa daga waje zai doke robar. Ka yi ta bugawa a hankali har ka daina taɓa ta, kana jin kamar bayanka ya ɗan daɗe yana kallon tuta yayin da hannuwa ke saukowa kusa da aljihun dama. Da farko ƙwallo za ta iya tafiya dama. Kada ka firgita ka koma gidan jiya, alama ce hanya ta gyaru, saura fuska ta biyo ta.

Idan za ka ɗauki bidiyo da waya, a riƙe ta a bayanka daidai tsawon hannuwanka, a kan layin da ke tsakanin ƙafarka da ƙwallo. In aka tsaya a karkace, hoton zai nuna maka laifin da babu shi.

Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Canza, buga goma, duba karan, rubuta. Wanda ya canza riƙo da tsayuwa da lilo rana ɗaya ba zai taɓa sanin wanne ne ya yi aiki ba.

Idan abin ya taso ana tsakiyar wasa

Fili ba wurin gyaran lilo ba ne. Dokokin da hukumomin da ke tsara dokokin golf, R&A da USGA, suka shimfiɗa ma sun hana wasu daga cikin dabarun da na ambata idan an fara zagaye: doka ta 10.2b ba ta yarda ka shimfiɗa sanda a ƙasa don saita tsayuwarka ba, kuma tun 2019 kadi ba zai tsaya a bayanka kan layin bugu ba daga lokacin da ka fara ɗaukar tsayuwa. Hukuncin shi ne a ƙara maka bugu biyu a wasan ƙirgen bugu. Ka sanar da kadinka wannan cikin mutunci tun kafin ranar gasa, domin yawancinsu taimako suke nufi. Alamar da ka tarar a ƙasa, ganye ko tabo, babu laifi ka saita da ita, muddin ba kai ka ajiye ta ba.

Abin da za ka iya yi a fili guda uku ne, kuma duk kafin lilo: sake saita fuska da alamar kusa, mayar da ƙwallo baya da faɗin ƙwallo ɗaya, duba gaɓoɓin hannun hagu. Sannan ɗauki sanda mai nisa ɗaya sama da wadda ka saba, ka yi kashi uku cikin huɗu na lilo, ka tabbata ƙirji ya juya har ƙarshe. In haɗari yana hagu, kafa ti ɗinka a gefen hagu na wurin tashi ka buga kana nesantarsa. Sauran binciken ka rubuta shi a katin maki, ramin da abin ya faru da sandar da ka riƙe da irin lanƙwasar da ta yi, ka kai wurin atisaye ko wurin kocin kulob washegari.